Tambayi Likita: Yatsan da ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu guda suke, wato yatsan hannu da ya karkace ko ya lanƙwashe, wasu bayan rauni, wasu saboda ciwon gaɓɓai ko na jijiya. Likitocin ƙashi da ma'aikatan sashen gashin ƙashi da ke amsa tambayoyin wannan fili ne suka duba su.

Domin amsoshin su shiga sosai, a riƙe wannan. In ban da babban yatsa, kowane yatsa yana da ƙasusuwa 3 da gaɓɓai 3: gaɓar gindi inda ya haɗu da tafin hannu, gaɓar tsakiya, sai gaɓar kai da ke kusa da farce. Babu tsoka a cikin yatsa. Tsokokin da ke motsa shi suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, wasu ƙanana kuma a cikin tafi, suna jan sa daga nesa kamar yadda mahayi ke sarrafa doki da ragamar linzami. Abin da suke ja da shi jijiya ce, farar nan mai tauri da ake gani a ƙafar rago in an feɗe. Ta bayan yatsa tana miƙe shi, ta cikinsa tana lanƙwasa shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Kwana 10 ke nan ƙwallo ta daki kan yatsana na tsakiya, tun ranar kan ya sunkuya. In na ɗaga shi da ɗaya hannun yana miƙewa, ina saki sai ya koma. Ba ya ciwo sosai. Abokaina sun ce targaɗe ne, in je a ja mini. Daga wani matashi, unguwar Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan samari. Kada ka yarda kowa ya ja maka shi, don babu abin da ya goce balle a mayar. Siririyar jijiyar da ke ɗaga kan yatsa ce ta tsinke daga inda ta kama ƙashin ƙarshe, ko kuma ta ɓalle tare da ɗan ɓarin ƙashi. Shi ya sa gaɓar ke miƙewa in an taimaka mata amma ba ta iya ɗaga kanta. Rashin ciwon ne ke yaudarar mutane su yi sakaci.

Fara da hoton ƙashi, kuma a ɗauki yatsan shi kaɗai ta gefe, domin hoton da aka ɗauka ta sama ba ya nuna ɓarin. Idan ɓarin ya kai kashi ɗaya cikin uku na fuskar gaɓar, ko ƙashin ƙarshe ya zame zuwa wajen tafi, to zancen na likitan ƙashi ne, wataƙila a sa siririn ƙarfe a riƙe shi. In ba haka ba, maganinka ɗauri ne, kuma kwana 10 bai yi latti ba. Ko wanda ya yi wata 2 ko 3 akan gwada masa ɗauri a ga amfani.

Ga yadda ɗaurin yake. Ana samun ƙaramin madafi, wato abin tallafe yatsa, na roba ko na alminiyan mai soso a asibiti da manyan shagunan magani. In ba a samu ba, ɗan katakon da likita ke danne harshe da shi yana aiki, a yanke shi daidai, a shimfiɗa masa auduga ko bandeji. Tsawonsa daga kan yatsa zuwa dab da gaɓar tsakiya, ba ya haye ta. Gaɓar kai kaɗai ake ɗaurewa a miƙe sak. Gaɓar tsakiya a bar ta tana lanƙwasa, in ba haka ba za ta sandare, kuma sandarewarta ta fi sunkuyawar kai illa. Filasta zagaye biyu ta isa, ɗaya kusa da farce, ɗaya ƙasa da gaɓar. Kada a tanƙwara kan yatsan baya da yawa wai don ya fi kamawa. Fatar bayan gaɓar siririya ce, idan ka ga ta yi fari to jini ba ya isa gare ta, za ta iya zama gyambo.

Wa'adin mako 8 ne idan jijiya ce zalla, mako 6 idan da ɓarin ƙashi, dare da rana. A nan yawancin mutane ke faɗuwa. Bakin jijiyar da bakin ƙashin suna haɗuwa ne da sabon nama mai laushi, kuma sunkuyawa ɗaya ta isa ta yaga shi. Duk ranar da kan ya faɗi, lissafi ya koma farko. Amma fata tana bukatar wanki kullum, musamman a zafin Maris da Afrilu da gumi ke jiƙa filasta. Ka kife hannunka a kan tebur, ka kwance filastar, ka zare madafin a hankali yatsan na kwance a kan teburin, ka goge, ka bari ya bushe sarai, ka mayar ba tare da kan ya rataya a iska ba. Ya fi sauƙi in wani ya taya ka. Wajen alwala, malaman fiƙihu sun halatta shafa a kan ɗauri idan cire shi zai cutar, saboda haka ba sai ka kwance sau biyar a rana ba. In hannun dama ne, ci tuwo da cokali.

Bayan wa'adin, ci gaba da sa shi da dare mako 2 zuwa 4, da kuma lokacin aikin ƙarfi. Bari gaɓar ta koyi lanƙwasa da kanta, kada ka danne ta da ɗaya hannun. In ka ga kan ya sake sunkuyawa, mayar da ɗaurin. Sau da yawa 'yar sunkuyawa kaɗan da ɗan tudu a bayan gaɓar sukan saura, ba sa hana aiki. Wanda ya ƙi ɗauri gaba ɗaya kuwa, jan da ya kamata ya isa kan yatsa yakan taru a gaɓar tsakiya har ta fara lanƙwashewa baya.

Iyaye su lura da wani abu daban. Idan yaro ƙarami ne ƙofa ta matse masa yatsa, kan ya sunkuya, jini na fita ta gindin farce ko farcen ya ɗago, wannan galibi karaya ce a wurin da ƙashi ke tsiro, kuma a buɗe take ga ƙwayoyin cuta. A kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Likita barka da aiki. Na faɗi a kan acaɓa, gaɓar tsakiya ta manunina ta kumbura. Na je wajen mai ɗori ya ja, ya murza da man shanu. Kumburin ya ragu, amma yanzu sati uku ke nan sai gaɓar ta lanƙwashe, kan yatsan kuma ya ɗage sama. Ranar da na faɗi ba haka yake ba. Ko mai ɗorin ne ya ɓata mini? Daga wani tela, Kumo.

Amsa: Malam, barka kadai. Faɗuwar ce ta yi ɓarnar, amma murzar ba ta taimaka ba. Jijiyar bayan yatsa tana rabuwa uku kafin ta kai gaɓar tsakiya. Reshen tsakiya yana kama ƙashi na biyu, shi ke miƙe wannan gaɓar. Rassan gefe biyu suna wucewa su haɗu a gaba, su ɗaga kan yatsa. Naka reshen tsakiyan ne ya tsinke. A kwanakin farko rassan gefen suna rufa asiri, suna miƙe gaɓar, shi ya sa ba ka ga komai ba sai kumburi. Sannu a hankali suka zame zuwa gefen tafi, kan ƙashin ya kutsa tsakaninsu. Daga nan jan da suke yi ya zama na lanƙwasa gaɓar tsakiya, ragowar ƙarfin kuma ya tafi ya ɗage kan yatsa. Wannan yakan bayyana tsakanin mako 1 zuwa 3 bayan rauni, daidai yadda ka faɗa.

Likita yana iya gano shi tun kafin ya lanƙwashe. Zai sa ka rataya yatsan a bakin tebur, gaɓar tsakiya a lanƙwashe sosai, ya danne ƙashi na biyu ya ce ka tura. In reshen lafiya lau yake, turawar tana da ƙarfi, kan yatsan kuma sakwa-sakwa. In ya tsinke, ba ƙarfi, kan yatsan kuma sai ya ƙage. Duk gaɓar tsakiya da ta kumbura, ciwon kuma ya fi tsanani a bayanta, ta cancanci wannan gwajin.

Abin tambaya yanzu shi ne, in ka sa ɗaya hannun, gaɓar tana miƙewa sak? In tana yi, ka yi sa'a. Ɗaurinka kishiyar na matashin Jahun ne: gaɓar tsakiya ake ɗaurewa a miƙe mako 6 ba cirewa, a bar gaɓar kai a sake. Kuma ba barin ta kawai za ka yi ba, aiki za ka ba ta. Riƙe madafin da ɗaya hannun, ka lanƙwasa kan yatsan sau 10 kowace awa da kake farke. Wannan motsin ne ke jawo rassan gefen su koma bayan yatsa inda suka baro. Bayan mako 6, a ci gaba da ɗaurin dare na wasu mako 4 zuwa 6.

In kuma gaɓar ta riga ta ƙage ba ta miƙewa, sai ma'aikatan gashin ƙashi su riƙa naɗa mata ɗan siminti na asibiti, suna canza shi kusan kowane mako, kowane karo ana ƙara miƙe ta kaɗan, har ta daidaita, sannan a fara ƙirga mako 6 ɗin. Tiyata tana nan ga wanda wannan ya gagara, ko wanda wuƙa ta yanke masa jijiyar, amma ba ma gaggawar kai mutum can, domin gaɓar tsakiya tana saurin sandarewa bayan aiki. Ga tela mai zaren allura da riƙe almakashi, mako 6 na haƙuri da madafi ya fi arha nesa. Kumo ba ta da nisa da Gombe, je Asibitin Koyarwa na Tarayya a wannan makon, domin kowane mako da ya wuce gaɓar na ƙara ƙagewa.

Kada mai karatu ya ɗauka kowace gaɓa da ta kumbura sai an ɗaure ta mako 6. Targaɗe na gaskiya, wanda jijiya ba ta tsinke ba, akasin haka yake so: a haɗa yatsan da maƙwabcinsa da filasta, a sa auduga tsakani, a fara motsa shi cikin 'yan kwanaki. Ɗaure irin wannan wata guda shi ke kashe shi. Kumburinsa kuwa yakan yi watanni bai gama sacewa ba. Zobe a cire shi nan take kafin yatsa ya cika. Kuma ko wane ne ya yi ɗauri, mai ɗori ko ma'aikacin asibiti, in kan yatsa ya yi sanyi, ya canza launi, ya mutu ba a jin taɓi, ko ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta nan da nan. Ɗaurin kara da aka tamke ya jawo wa mutane da dama yanke yatsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, 'ya'yana huɗu. Tun bayan haihuwata ta ƙarshe yatsun hannuwana biyu ke kumbura, da asuba ba na iya dunƙule hannu sai rana ta ɗaga. Yanzu biyu daga ciki gaɓar tsakiya ta lotsa baya, kan ya sunkuya, sauran kuma sun fara karkata wajen ƙaramin yatsa. An ce sanyi ne. Ina shan haɗin ƙwayoyi daga kemis, ina jin sauƙi, amma fuskata ta kumbura. Daga wata uwa, Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Wasiƙarki ta fi sauran damun mu. Abin da kika bayyana ya yi kama sosai da amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Ba ruwan sanyi ko wanki ne ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar shimfiɗar cikin gaɓa, shimfiɗar ta kumbura, ta riƙa cin guringuntsi da ƙashi, ta saki jijiyoyin da ke riƙe gaɓar. Ya fi kama mata, ninki 2 zuwa 3 a kan maza, yakan lafa lokacin ciki ya taso bayan haihuwa. Alamarsa ita ce hannu biyu a tare, gaɓar gindi da ta tsakiya da wuyan hannu, da sandarewar safiya da ke wuce rabin awa, sau da yawa har awa guda ko fiye.

Haɗin da kike sha kusan tabbas akwai firednisolon ko deksametason a ciki, kumburin fuskar shi ne shaida. Suna kwantar da ciwo, amma shan su wata da watanni ba tsari yana kawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da saurin kamuwa da cuta. In an haɗa da daiklofenak ko ibufurofen, ga gyambon ciki ga illar ƙoda. Duk da haka kada ki daina su rana ɗaya, domin jikin da ya saba da su yana iya rikicewa har a suma. Ɗauki ƙwayoyin a leda ki nuna wa likita, shi zai rage miki su sannu a hankali.

Nemi ganin likitan cututtukan gaɓɓai ko na manya a asibitin koyarwa. Za a gwada jini don alamun cutar da na kumburi, a ɗauki hoton hannu biyu. Gwajin na iya fitowa ba komai alhali cutar na nan, don haka duba gaɓɓan da hannu ya fi takardar muhimmanci. Maganin da ke tsayar da ɓarnar, wanda aka fi farawa da shi, metotireksat ne, kuma yana da sharuɗɗan da ba a wasa da su. Sau ɗaya ake shan sa a mako, rana guda tsayayya, ba kullum ba. Wanda ya sha kullum bisa kuskure yana iya rasa ransa. Ana haɗa shi da folik asid a wata rana daban. Ba a shan sa tare da Septrin. Kafin a fara ana duba hanta, ƙoda, yawan jini da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu, sannan a riƙa maimaita gwajin jini a kai a kai. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sa, yana illata ɗan tayi. Ki faɗa wa likita gaskiya in kina shayarwa ko kina son ƙara haihuwa, akwai wasu magungunan da ake bayarwa a madadinsa. Ya kamata maigida ya ji wannan bayanin da kunnensa, ku tafi tare. Sai ya yi mako 6 zuwa 12 kafin ki ji aikinsa, kada ki yanke ƙauna a wata na farko.

Magani ba zai miƙe yatsun da suka riga suka lotsa ba, amma zai kare sauran, kuma da an fara shi a watannin farko da yawancin wannan bai faru ba. Su biyun nan, in har suna lanƙwasuwa da taimako, akwai madafi mai siffar zobba biyu a haɗe, ɗaya gaban gaɓar ɗaya bayanta, wanda ke hana ta lotsawa baya amma ya bar ta ta lanƙwasa. Ana yin sa da roba ko azurfa, kuma ma'aikacin gashin ƙashi ne ya kamata ya auna.

A gida, matse wanki da murɗa shi ne babban abokin gabar yatsunki, yana tura su wajen da suke karkata. Danna tufafin da tafin hannu, ko ki bar wa yara. Bokiti a rataye shi a hannu kusa da gwiwa maimakon a ɗauka da yatsu. Naɗa tsumma ko roba a mariƙin muciya da wuƙa su yi kauri. Da asuba tsoma hannu cikin ruwan ɗumi minti 10, ki buɗe ki rufe a hankali. Idan wata rana kika wayi gari ƙaramin yatsa ya faɗi daga gindinsa ba ya ɗaguwa, jijiya ce ƙashin wuyan hannu ya goge har ta tsinke, kuma ta kusa da ita na biye. Wannan ba ya jiran ranar ganin likita.

Tambaya: Ni dattijo ne, na haura saba'in. Gaɓɓan da ke kusa da faratana sun yi ƙulli mai tauri, manuni ya ɗan karkace. Jikokina sun ce don ina matsa yatsuna suna ƙara ne. Daga Misau.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. A gaya wa jikokin ba haka ba ne, binciken da aka yi bai nuna matsa yatsu na kawo amosani ba. Wannan zaizayar guringuntsi ce da ke zuwa da shekaru, tana bin jini a dangi, ƙullin kuma ƙashi ne ya tsiro a gefen gaɓar. Ba ya narkewa da shafi ko tsaga, amma ciwon yakan lafa bayan ƙullin ya gama fitowa. Ruwan ɗumi, motsa yatsu kullum da man daiklofenak na shafawa sun isa, kuma a shekarunku na shafawar ya fi ƙwayar aminci ga ciki da ƙoda. In wani ƙurji mai ruwa ya fito kusa da farce kada a huda shi da allura, a haɗe yake da cikin gaɓar. In kuwa gaɓa ta taɓa tashi dare ɗaya da zafi da ja, musamman babban yatsan ƙafa, ko ƙullin na fitar da farin abu mai gari-gari, a gwada sinadarin yurik asid a jini, wannan wata cuta ce daban mai nata magani.

Tambaya: Ƙanena ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun ƙanƙance sun lanƙwashe, bai ji rauni ba, ba sa ciwo, har wuta ta ƙone shi a wurin bai ji ba. Daga wata 'yar'uwa, Dukku.

Amsa: 'Yar'uwa, matsalar ƙanenki ba a gaɓa take ba. Jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi ga waɗannan yatsu biyu ce ta samu illa, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, ba irin farar jijiyar nan mai jan yatsa ba. Tsohuwar karaya a gwiwar tun yarinta tana iya matse ta bayan shekaru. Kuturta ma tana kama ta, don haka a duba jikinsa ko akwai tabon da ya fi sauran fata haske wanda ba ya jin taɓi. In ita ce, ana warkewa, maganin kyauta ne a sashen tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, wata 6 ko 12 ne gwargwadon nau'inta, kuma da ya fara sha ya daina yaɗa ta. A kai shi cikin gaggawa, domin jijiyar da ba ta daɗe da lalacewa ba tana iya farfaɗowa da magani. Kafin nan ya riƙa miƙe yatsun da ɗaya hannun safe da yamma yana shafa musu mai don kada gaɓɓan su ƙage, ya duba hannun kullum ko akwai ƙuna ko yanka, kuma kada ya ɗauki tukunya ko butar shayi sai da tsumma.